Cikin da Ba na Haihuwa Ba

Tef ɗin awo ne ya fara tona asirin abin. Ni tela ce, shekarata goma sha huɗu a kan keke, kuma na san awon jikina kamar yadda na san sunana. Wata safiya na ɗauko siket ɗin da na ɗinka wa kaina wata biyu da suka wuce, zif ya ƙi hawa. Na ce ko yadin ne ya tsuke bayan wanki. Na zaro tef daga wuyana na zagaya ƙugu, sai na ga inci 36, ni da ban taɓa wuce 33 ba in ba ina da juna biyu ba. Na auna dantse, na auna cinya. Waɗannan ma raguwa suka yi.

A lokacin autana yana da shekara shida. Mun daɗe muna neman ƙari, har na yi ɓari sau biyu a tsakani. Don haka da na ga lambar nan a jikin tef, murna ce ta fara zuwa mini, tsoro bai ko leƙo ba. Al'adata tana zuwa, amma na ce wa kaina ai akwai matan da suke ganin jini da ciki a jikinsu. Na yi gwajin fitsari sau uku, duk layi ɗaya ya fito. Na ce abin gwajin ne ya lalace. Mutum in yana son abu, hujja ba ta yi masa wuya.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai daga baya shi ne, a watan nan na uku na tattara ragowar wani farin yadi mai laushi na ɗinka 'yan riguna biyu na jarirai. Da dare na yi, bayan yara sun yi barci. Ɗaya na gama ta tsaf, ɗayar saura kalmasa. Na naɗe su na tura can ƙasan akwati.

Masu kawo ɗinki suka fara kallona suna murmushi. Wata ta ce, "Allah Ya raba lafiya." Me zan ce? Na ce amin. Harshenmu ma bai taimake ni ba, domin kalma ɗaya muke da ita: in ka ce ciki, tumbi ne, kuma juna biyu ne. In na ce cikina ne ke girma, sai a ce ai mun gani, Allah Ya inganta.

Amma jiki magayi. Loma uku zan yi na ji kamar na cinye kwano guda. Ƙwarnafi ya dame ni, aka ce gyambon ciki ne, na sha magungunansa har na gaji. In na kwanta ta gefen hagu sai na ji wani abu mai nauyi ya gangaro hagu, in na juya dama ya biyo ni. Wani dare har na kamo hannun maigidana na ɗora. Na ce, "Malam, ka ji? Motsi yake." Ya daɗe shiru da hannunsa a wurin, sannan ya ce, "Gobe mu je a yi hoto." Daga muryarsa na gane bai ji abin da nake so ya ji ba.

A wata na biyar aka yi mini sikanin na farko. Mai hoton ya shafa mini wannan man mai sanyi, ya yi ta yawo da na'urar, ya kai sama ya dawo ƙasa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Da ya juyo mini da allon sai na ga wani baƙin da'ira ya cinye kusan duka fuskar. Ya ce baƙin nan ruwa ne, kuma mahaifata babu komai a ciki. Ya rubuta cewa jakar ruwa ce babba a jikin ƙwan mahaifa. Ban ji sauran bayaninsa ba. "Babu komai a ciki" kawai nake ta maimaitawa har muka isa gida.

Likitan da muka kai wa takardar ya duba ni, ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya ce shi a ganinsa ruwa ne ya taru, a zuƙe shi na samu sauƙi. Aka soka mini allura mai kauri a gefen ciki. Abin da ya fito ya ba kowa mamaki, har nas ɗin ta kira 'yar'uwarta ta zo ta gani: ruwa fari tas kamar madara, kusan lita 2. Ranar na numfasa har ƙasan huhuna, na ci abinci na ƙoshi, na yi barcin da na manta irinsa. Tef ya dawo 34. Na ce Alhamdulillahi, an wuce wurin.

Mako bakwai ya ɗauka ya dawo, kuma da ƙarfinsa. Tef ya kai 40. Sai aka ce farin ruwa irin wannan yakan zo da tarin fuka na ciki, aka ɗora ni a kan magungunansa. Fitsarina ya koma ja-ja kamar ruwan tsatsa, wanda aka ce dama haka ɗaya daga cikin ƙwayoyin yake yi. Wata biyu ina haɗiya kowace safiya, cikin bai ko gezau ba.

Ba na riƙe da likitan nan a raina kan kuskuren farko. Daga baya na fahimci wannan cuta ta saba yaudarar likitoci, har manya, domin tana shigar burtu da kayan wasu cututtukan da aka fi sani. Abin da har yau yake yi mini ciwo shi ne, da na koma masa da ciki ya fi na da, allurar zuƙa ya sake cewa a kawo. Bai tsaya ya tambayi kansa daga ina ruwan yake fitowa ba. Maigidana ne ya ce a dakata tukuna, kuma ba don ya san wani abu ba, sai don ya ga yadda nake ramewa ta sama ina kumbura ta ƙasa.

Kwana tara bayan nan abin ya zo da gaske. Wajen ƙarfe biyu na dare wani murɗa ya tashe ni, irin wanda naƙuda ma ba ta kai shi ba, domin naƙuda tana ba ka hutu. Na yi amai har ya koma kore. Ba kashi, ba iska. A sashen gaggawa na wani babban asibiti aka zura mini roba ta hanci har ciki, aka ɗaura mini ƙarin ruwa, aka hana ni ko kurɓar ruwa. Zuwa yamma murɗan ya lafa. Suka ce hanjina ne ya danne ko ya ɗan murɗe, ya kuma saki da kansa, amma kada na ɗauka zai riƙa saki kullum.

Washegari babban likitan tiyata ya zo zagaye, dattijo mai furfura, da ɗalibai wajen takwas a bayansa. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ɗalibaina ne. Kin yarda su gani? Mai yiwuwa wasunsu har su yi ritaya ba za su sake ganin irin naki ba." Kunya ta kama ni, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce su gani.

Ya ɗumama tafukansa, ya ɗora. Abu na farko da ya yi, ya tura gefen hannunsa a ƙasan kumburin, tsakaninsa da ƙashin mara, hannun ya shige. Ya ce wa yaran, abin da ya taso daga ƙwan mahaifa ko daga mahaifa, daga ƙasa yake hawowa, hannu ba ya samun wurin shiga ƙarƙashinsa. Sannan ya riƙe kumburin da hannu biyu ya tura shi dama, ya tafi. Ya tura hagu, ya tafi. Ya gwada sama da ƙasa, ya cije. Ya tambaye su sunan wannan alama, suka yi tsuru-tsuru, sai wata yarinya daga baya ta ce Tillaux. Ya ce madalla, sunan likitan Faransa ne da ya fara cire irin wannan ƙari cikin nasara a 1880, kuma tun 1507 aka buga bayanin wani likitan Italiya, Benivieni, wanda ya gan shi a gawar ƙaramin yaro. Ni ina kwance ina jin su, ina tunanin ashe motsin nan da na sa Malam ya taɓa da dare, har suna yake da shi.

Da ɗaliban suka matsa gado na gaba, ya dawo ya zauna. Ya tambayi sana'ata. Da na ce ɗinki, sai ya yi dariya ya ce to aikinsa ya yi sauƙi. Ya ce, "Kin san siket mai tattara?" Na ce shi na fi ɗinkawa. Ya ce ƙaramin hanjin mutum ya kai tsawon mita 6, kuma ba a zube yake a ciki kara zube ba. Akwai wani tantani da yake riƙe da shi, ana kiransa mesentari. Bakinsa na ƙasa, inda hanjin yake manne, shi ne kalmasar siket mai faɗin mita 6. Bakinsa na sama, inda aka kafe shi a bangon baya na ciki, bai fi inci 6 ba, shi ne ƙugun siket ɗin. Duk yadin nan an tattare shi a wannan ɗan ƙugu. Wallahi a take na gan shi a idona. Wata takwas ana yi mini bayani da kalmomin da ba na kamawa, sai ranar na san inda ciwona yake zaune.

Ya ci gaba da cewa tantanin nan ninki biyu ne, kamar yadi da shafinsa, kuma a tsakanin ninkin ne jijiyoyin jinin da ke ciyar da hanji suke bi, tare da wasu siraran magudanai da ake kira na limf. Maiƙon da hanji ya tsotsa daga abinci ta waɗannan magudanai yake wucewa, shi ya sa ruwansu yake fari kamar madara. A wasu mutane, tun suna cikin uwa, wani reshe na magudanan ba ya haɗuwa da sauran. Sai ya zama aljihu marar mafita, yana cika a hankali shekara da shekaru. An fi ganinsa a yara. A manya kuwa, ya ce sai a kwantar da mutum 100,000 ko fiye a asibiti kafin a samu ɗaya. Na ce, "Likita, to me ya sa da aka zuƙe ya dawo?" Ya ce, "In kin zazzage aljihu, kin cire aljihun?" Na ce a'a. Ya ce to sai an farke shi gaba ɗaya daga jikin rigar.

Bai tsaya kan tafin hannunsa ba. Aka ɗebi jinina aka duba lafiyar ƙoda, sannan aka kai ni hoton siti-sikan. Sun yi mini allurar wani ruwa ta jijiya wanda yake haska hanyoyin jini a hoto. Ma'aikacin ya gargaɗe ni cewa zan ji ɗumi ya ratsa ni har na zaci na saki fitsari, kada na damu. Da bai faɗa ba da na tashi da gudu, don haka na ji sak. Hoton ya nuna jaka mai tsawon santimita 22, da ɗakuna-ɗakuna a cikinta, siraran bango sun raba su. Ƙwayayen mahaifata biyu lafiyarsu lau, an dai matse su gefe. Hanta, saifa da ƙoda ba abin da ya taɓa su. Aka tsayar da maganin tarin fuka a ranar.

An kuma yi wasu gwaje-gwajen jini na neman alamun ciwon daji, da na wata tsutsa da ake ɗauka daga kashin kare, wadda ita ma takan yi jakar ruwa a ciki. A nan ne na san allurar da aka soka mini a baya ganganci ce. Da jakar tsutsar nan ce, ɗigon ruwanta a cikin ciki yana iya sa jiki ya rikice nan take har a rasa rai. Da kuma wata irin jaka ce mai majina a ciki, fasa ta yana iya watsa ƙwayoyinta ko'ina. Allah ne Ya tsare. Likitan ya ce yawancin irin nawa ba daji ba ne, kamar 3 cikin 100 ne suke zama, amma ba zai rantse ba sai an cire an duba naman a ɗakin bincike.

Ranar sa hannu bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in an yi sa'a jakar za ta ɓare daga tantanin salin-alin. In ta manne da jijiyoyin da ke ciyar da wani yanki na hanji, dole a yanke yankin tare da ita a haɗa bakin biyu, domin hanjin da aka raba da jininsa mutuwa yake yi. In haɗin bai yiwu ba a ranar, za a fito da bakin hanji ta gefen ciki a manna jaka na ɗan lokaci. In kuma ta naɗe babbar jijiyar da duk hanjin ya dogara da ita, to zai cire abin da ya ciru ya bar sauran, ko da zai iya dawowa. Mahaifiyata tana gefe. Ta ce, "Yanzu yanka ki za su yi, su yanke miki hanji? Ba wata hanya?" Na ce, "Inna, wata hanyar ai ita na bi wata takwas." Malam ya karɓi biro, hannunsa yana rawa. Likita ya ce a'a, mai cikin ce za ta sa. Na sa.

Na ɗakin tiyata ba ni da labari mai yawa. Sanyi, fitilu, wata murya ta ce na ja numfashi sosai. Sai kuma na ji ana kiran sunana ana cewa an gama. Awa huɗu aka yi. Jakar ta ƙi ɓaruwa ta gefe ɗaya, don haka aka yanke santimita 40 na hanjina tare da ita aka haɗa. Abu na farko da na yi da hankalina ya dawo, na lalubi gefen cikina. Babu jaka. Sai wata siririyar roba da ke zubar da ruwa cikin leda. An ƙara mini jini leda ɗaya.

Yankan bai dame ni kamar robar hanci ba. Kowane haɗiyar yawu sai na ji ta tana gogar maƙogwaro. Washegarin aiki nas ta zo ta ce na tashi na taka. Na ce, "Sista, jiya fa aka buɗe ni." Ta ce saboda haka ne ma, kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma tana sa hanji ya yi nawar farkawa. Na rungume matashi a kan ɗinkin, na taka daga gado zuwa ƙofa ina jin kamar kayan cikina za su zubo ƙasa.

Sai tambayar da kowa yake yi mini safe da yamma, daga babban likita har ƙaramin ɗalibi: "Kin yi tusa?" Ni da ko a gaban maigidana ban taɓa furta kalmar ba. Ashe hanjin da aka taɓa yakan yi barci, kuma fitar iska ce shaidar ya tashi kuma haɗin yana wucewa. A rana ta huɗu da asuba ta fita. Na tashi yayata da ke kwana da ni na ce, "Yaya, ta fito!" Ta rungume ni tana hamdala, matar gadon kusa tana taya mu murna. Duk lokacin da muka tuna sai mun yi dariya har hawaye.

An cire robar hanci, na fara kurɓar ruwa, sannan abu mai ruwa-ruwa. Sai a rana ta shida ruwan da ke cikin ledar gefena, wanda da jaja-jaja ne, ya koma fari. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan ta dawo. Likita ya duba ya ce ba ita ba ce, wani ɗan magudanin limf ne da aka yanka yake yoyo tunda na fara cin abinci. Ya hana ni duk wani abu mai maiƙo, don in babu maiƙo magudanin ba ya cika, sai ya samu ya toshe da kansa. Kwana biyar ana auna abin da ya taru a leda kowace safiya, yana raguwa, har ya tsaya. Aka zare robar, aka sallame ni a rana ta goma sha biyu.

Jiran sakamakon nama ya fi mini tiyatar wuya. Mako biyu. Da rana ina hira da masu zuwa dubiya, da dare ina lissafin 3 cikin 100, ina cewa ai wanda ya zama ɗaya cikin 100,000 ba abin mamaki ba ne ya zama cikin ukun nan. Ranar da muka koma, likita ya karanta takardar ya ce sunanta limfanjiyoma, ba daji ba ce, kuma an cire ta da bangonta duka, bakin yankan ya fita tsaf. Ya ce yankin hanjin da aka yanke na sama ne, can ƙarshen da ke tsotsar bitamin B12 ba a taɓa shi ba, kuma abin da ya rage ya ishe ni har ya yi yawa.

A ranar ce Malam ya yarda ya nuna mini hoton da aka bar shi ya ɗauka a wayarsa. Gani ya kori ji. Ga ta a cikin babban kwanon ƙarfe, tana ƙyalli, launin rawaya-rawaya, siraran jijiyoyi sun bi ta ko'ina, guntun hanjina ya zagaye gefenta kamar igiya, an ajiye ma'auni a kusa. Ta kusa ƙwallon ƙafa. Na tambayi nauyinta. Likita ya duba fayil ya ce kilo 3 da ɗan ɗori. Na yi shiru. Autana da aka haife shi kilo 3 ne.

Da ya buɗe ɗinkin zai duba, sai halin sana'a ya motsa. Layin ya sauko tiryan-tiryan daga ƙasan ƙirji, da ya zo cibiya sai ya kauce hagu ya zagaye ta, sannan ya koma kan hanya. Na ce, "Likita, ɗinkinka fa ya karkace a nan." Ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce da gangan ne, zagaye cibiya ake yi. Ya ce na ciki kuma, wanda ya haɗa hanjin da shi, zare ne mai narkewa da kansa, ba sai an farke ba. Na ce irin wannan zare da za a kawo mana da mun huta. A gida na auna tabon da tef ɗina, inci 8.

Mako shida aka hana ni ɗaukar abu mai nauyi, ko bokitin ruwa, don kada ɗinkin ciki ya saki ya zama ƙaba. Sai da na yi wata uku kafin na koma taka keke, kuma da awa ɗaya na fara. Cikina ya yi ta saurin tafiya na wasu watanni, daga baya ya daidaita. An yi mini sikanin bayan wata shida, an sake bayan shekara, babu komai. A na biyun na roƙi mai hoton ya nuna mini ƙwayayen mahaifar da aka taɓa ɗora wa laifi. Ya nuna mini su, dama da hagu, kowanne a wurinsa.

Aikin farko da na yi da na koma kan keke nawa ne. Duk siket da rigunan da na buɗe wa gefe a watannin can na fito da su ina mayar da su awonsu na da. Wajen neman wani a ƙasan akwati hannuna ya taɓo farin yadin nan mai laushi. Na warware su a kan cinyata. Malam ya shigo ya gani, ya ɗauki ɗaya ya sa yatsunsa biyu a hannun rigar, ya ce, "Yaushe kika yi waɗannan?" Na faɗa masa. Bai ce komai ba, ya zauna a bakin gado yana juya ta.

Na sauya zare na sa fari, na ɗauki wadda ba a gama ba na yi mata kalmasa. Minti biyar bai cika ba. Na goge su duka biyun, na naɗe, na mayar da su inda suke.